Hayaƙin Masana'antun Turai da Farin Sahel: Nazari a Kan Tasirin Ɓarɓashin Iska ga Hasken Rana da Damina

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɓarɓashin da ɗan Adam ke watsawa cikin iska ke rage hasken rana da ke isowa ƙasa, da rawar da ya taka a farin da ya addabi yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980. An bi hanyar bitar binciken da aka riga aka wallafa. Matsayin maƙalar shi ne, laifin da aka daɗe ana ɗora wa makiyaya da manoma ya wuce abin da hujja ta tabbatar.

1.0 Gabatarwa

Ɓarɓashin iska ƙananan ƙwayoyi ne, busassu ko masu ruwa-ruwa, da ke shawagi a sama, ido ba ya ganinsu sai sun taru sun zama hazo. Wani ba da hannun mutum yake tashi ba, kamar ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a Chadi. Wani kuwa aikin mutum ne: salfet, wanda ke samuwa idan an ƙona kwal ko man da ke ɗauke da farar wuta, da kunkunniya, wadda ke fita daga itacen girki, injin dizal da ƙunar daji. A kan wannan kashi na biyu maƙalar ta tsaya.

2.0 Yadda Ɓarɓashi Ke Tare Haske

Salfet fari ne, yana mayar da wani kaso na hasken rana sama tun kafin ya sauko. Kunkunniya kuwa tsotse hasken take yi, kamar baƙar riga a tsakar rana, sai sama ta ɗumama, ƙasa ta rasa rabonta.

Abin da ya fi wannan zurfi yana faruwa ne a cikin girgije. Kowane ɗigon ruwa a girgije sai ya sami ƙwayar da zai taru a jikinta. Idan ƙwayoyin suka yi yawa, ruwan da ke nan zai rabu zuwa ɗigo masu yawa amma ƙanana, girgijen ya ƙara fari, ya ƙara mayar da haske. Sean Twomey ne ya bayyana wannan a shekarun 1970. A 1989 Bruce Albrecht ya ƙara da cewa ƙananan ɗigo ba sa saurin haɗuwa su yi nauyin zubowa, don haka girgijen kan daɗe bai sauke ruwa ba.

Tashoshin awo sun nuna raguwar hasken rana a wurare da dama tsakanin shekarun 1950 da 1980, kuma Martin Wild da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa hasken ya fara dawowa a Turai bayan an rage hayaƙi. Rahoton IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi, na 2021 ya ƙiyasta cewa ɓarɓashin ɗan Adam na rage ɗumamar duniya da kimanin wat 1.1 a kowane murabba'in mita, alhali iskar kabon na ƙara fiye da wat 2. Sai dai salfet kwanaki kawai yake yi a sama ruwa ya wanke shi, iskar kabon kuwa tana kai ɗaruruwan shekaru. Saboda gajartar ransa, salfet ba ya nisa da inda aka haife shi, kuma a wancan zamani mahaifarsa Turai ce da Amurka ta Arewa.

3.0 Farin Sahel

A 1975 Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo ya tuɓe ƙasa, farar ƙasar ta riƙa mayar da haske, hadari ya daina haɗuwa. Ra'ayin ya sami karɓuwa, har ya zama abin da ake faɗa wa Bafulatani da manomi a fuska, a daidai lokacin da shanunsu ke mutuwa, noman gyaɗar Kano ke durƙushewa, Tafkin Chadi kuma ke janyewa daga kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai kai ushirinsa ba.

Binciken da ya biyo baya ya karkata zuwa teku. Folland da abokan aikinsa a 1986, sannan Giannini da nata a 2003, sun nuna cewa zafin saman teku ne ya fi bayyana hawa da saukar ruwan Sahel. Iskar damina tana bin ɓangaren da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atilantika ya yi sanyi fiye da kudancinsa, gaɓar da iskar teku ke karo da ta hamada ba ta hawowa arewa sosai, sai damina ta makara ko ta ɗauke da wuri a Maraɗi, Katsina da Damagaram. A 2002 Rotstayn da Lohmann suka nuna ta hanyar lissafin kwamfuta cewa salfet na iya haddasa wannan sanyi na arewa. Abin lura, an kafa yarjejeniyar Janeba kan gurɓatar iska a 1979, aka ƙulla ta rage farar wuta a Helsinki a 1985, ruwan Sahel kuma ya fara farfaɗowa daga shekarun 1990.

Masana ba su zama baki ɗaya ba kan girman wannan rawa. Wasu na ganin juyin teku na ɗabi'a ya isa bayani, Dong da Sutton kuwa a 2015 sun danganta farfaɗowar ruwan da ƙaruwar iskar kabon. A ganin wannan maƙala, salfet ɗaya ne daga cikin dalilai, amma hujjarsa ta fi ta yawan kiwo ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bai dace littattafan makaranta su ci gaba da koyar da tsohon bayanin shi kaɗai ba.

4.0 Hayaƙin Gida

Yanzu hayaƙin ya matso kusa: janareto, tsofaffin motoci, ƙona shara, da baƙar kunkunniyar da ta fara sauka a Fatakwal tun 2016. Shirin DACCIWA ya auna iskar kudancin Afirka ta Yamma a daminar 2016, na'urorin AERONET kuma suna awo a Ilori da Banizumbu ta Nijar. Aikin da ke gaban jami'o'in Kano, Maiduguri da Maraɗi shi ne awo na shekara da shekaru wanda zai raba ƙurar Bodele da hayaƙin birni a watannin hunturu, lokacin da suke cakuɗuwa, domin tasirinsu ga haske da girgije ba ɗaya ba ne.