Daga Gurbin Dara Zuwa Teburin Sunuka

A ƙauyukanmu na yankin Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona har bakin danga, wurin wasa a da ba gina shi ake yi ba. Inuwar tsamiya ce ko ta ɗorawa, da rairayi mai laushi. In an yi girbi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai magidanci ya tsuguna ya tona gurabe 30 da yatsunsa, jeri biyar, shida-shida. Kowa da 'ya'yansa 12, wannan tsinken kara, wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Dara ke nan, ko anini ba ta ci.

Abin da na fi kewa shi ne 'yan kallo. Ba sa iya kame baki. "Malam, tare nan!" "Baba, za a ci ka!" Dattijo ya harari yaro, amma ba ya korarsa, kuma a wannan tsugunon muka koyi dara da ladabin zama cikin manya. Wasan rani ne. Da ruwa ya sauka kowa ya ɗauki fartanya, ruwan ya shafe guraben.

Yau rumfar kwano ce, da tebur mai koren ƙyalle, ƙwallaye na gangarawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kowane zagaye da kuɗinsa. A gefe ga gidan kallon ƙwallo, ana haska gasar Firimiya ta Ingila, wadda ke farawa a Agusta, tsakar damina, lokacin da gona ta fi buƙatar saurayi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareta ya yi wuyar riƙo, kuɗin shiga ya hau, masu hali suka koma sola. In caca ta shigo kuwa, sai ka ji 'yan Hisba sun zo.

Ban ga laifin samari ba. Ƙasa ta yi mana kaɗan, dandali ya zama fuloti, tsamiyoyi da yawa sun tafi itace, dole su nemi inda za su taru. Abin da ke damuna shi ne dattijo ba ya shiga rumfar nan, kunya ba ta barinsa. Masu darar da suka rage a unguwarmu duk sun yi furfura, kuma babu yaro a bayansu.