Karkandar Sumatra a Maleshiya da Tarihin Ilimin Barbara, 1984 zuwa 2019

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yunƙurin da hukumar kula da namun daji ta Maleshiya ta yi na kiwon karkandar Sumatra domin ta hayayyafa a killace. Ta kuma nuna yadda ilimin da aka gina a kan ɓeraye game da aikin homon a ƙwaƙwalwar mace ya makara kafin ya isa ga wannan dabba.

Daga ɓera zuwa ƙwaƙwalwa

Makiyayi ya daɗe da sanin cewa saniya ba ta tsaya wa bijimi sai a 'yan sa'o'i ƙalilan cikin kowane mako uku. Abin da ya ɗauki masana lokaci shi ne gano inda wannan yarda take fitowa. A 1923 Edgar Allen da Edward Doisy suka nuna a Amurka cewa wani sinadari daga gidan ƙwan mace yana dawo da alamun neman barbara ga ɓeran da aka cire wa gidan ƙwai. Wannan sinadari shi ne istirojin. A shekarun 1930 aka ƙara gano cewa istirojin yana share fage ne, sai firojestiron ya biyo baya kafin macen ɓera ta lanƙwasa bayanta ta karɓi namiji.

Hujjar cewa ƙwaƙwalwa ce mazaunin al'amarin ta zo daga Ingila. A 1958 Geoffrey Harris da abokan aikinsa suka dasa ɗan ƙwayar sinadari mai aikin istirojin a haifotalamos na kyanwar da aka cire wa gidan ƙwai, sai ta riƙa karɓar muzuru alhali al'aurarta ba ta nuna wani canji ba. Daga baya Donald Pfaff na Jami'ar Rockefeller ya zana taswirar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu riƙe istirojin, ya kuma bi hanyar saƙon tun daga ƙasan haifotalamos har zuwa laka da tsokar baya. Darasin da aka samu mai sauƙi ne a faɗi: homon ba ya tura mace ga namiji, yana canza yadda ƙwaƙwalwarta take fassara taɓawarsa da ƙanshinsa. Taɓawar da jiya ta jawo cizo, yau sai ta jawo tsayawa.

Sai dai akwai wani reshe na wannan ilimi da bai samu kulawa irin ta ɓera ba. Tun 1905 Walter Heape ya nuna cewa zomanya ba ta sakin ƙwai sai an yi barbara. A irin waɗannan dabbobi saƙon yana tafiya ne ta hanya biyu: homon ya shirya ƙwaƙwalwa ta karɓi namiji, barbarar kuma ta sa ƙwaƙwalwa ta umarci jiki ya saki ƙwai. Kyanwa haka take, taguwa ma haka, abin da ya kamata mai nazarin kiwon raƙuma a Agadas ko Sakkwato ya riƙe a zuciya.

Shawarar Singafo da abin da ya biyo baya

A 1984 masana da jami'an gwamnatoci suka haɗu a Singafo, suka amince a kama wasu daga cikin ragowar karkandar Sumatra a killace su domin su haihu. A ɓangaren Maleshiya, hukumar PERHILITAN, mai hedikwata a Cheras cikin Kuala Lumpur, ita ce ta riƙe aikin a yankin tsibirin ƙasar, ƙarƙashin shugabanta Mohd Khan bin Momin Khan. An fara ajiye dabbobin a gidan namun daji na Melaka, sannan aka gina musu cibiya a Sungai Dusun, arewacin jihar Selangor. Cikin kimanin shekara 10, karkanda wajen 40 aka kama a Maleshiya da Indunusiya. A 1987 aka haifi Minah a Melaka, amma uwarta da cikinta aka kamo ta daga daji.

Nan ne matsalar ta bayyana. Karkandar Sumatra dabba ce mai zaman kaɗaici, macen kuma ba ta nuna alamar neman namiji a fili yadda saniya ke yi. Idan aka haɗa su a ranar da ƙwaƙwalwarta ba ta shirya ba, faɗa ake yi, wani lokaci har da munanan raunuka. Idan kuma aka raba su ana jiran gwajin jini ya nuna hawan firojestiron mai biyo bayan sakin ƙwai, ana iya yin ta jira, domin ƙwan ba zai fito ba sai an yi barbarar da ake jinkirtawa. Masu kiwon sun kasance suna neman alamar da sai bayan abin ya faru take zuwa.

Ba a Selangor aka warware wannan ƙulli ba. A ƙarshen shekarun 1990, Terri Roth ta gidan namun daji na Cincinnati ta riƙa duba wata mace mai suna Emi da na'urar hoton ciki, ta gane cewa barbara ce ke jawo sakin ƙwai. Daga nan aka daina dogaro da kallon ɗabi'a kaɗai: sai jakar ƙwai ta kai kimanin milimita 20, firojestiron kuma ya yi ƙasa, sannan a buɗe ƙofa tsakaninta da namiji. Emi ta yi ɓari sau 5 kafin a ƙara mata sinadari mai aikin firojestiron. Ranar 13 ga Satumba 2001 ta haifi Andalas, wanda shi ne na farko da aka yi cikinsa aka kuma haife shi a killace tun 1889, lokacin da aka samu irin haka a Kalkata.

Ilimin da ya zo a makare

Adalci ne a ce ba rashin sanin lokacin barbara kaɗai ya kayar da aikin Maleshiya ba. Amma shekarun da aka ɓata sun bar tabo a jikin dabbobin kansu. Macen karkanda da ta daɗe ba ta ɗauki ciki ba, mahaifarta tana shan tasirin homon babu hutu, kuma an sha samun ƙari da ƙululu a mahaifar irin waɗannan mata. Sinadarin da ke buɗe ƙofar barbara a ƙwaƙwalwa shi ne yake lalata mahaifa idan barbarar ba ta haifar da ciki ba. Kafin a san ranar da ya dace a haɗa su, da yawa cikin matan sun riga sun wuce haihuwa.

A ƙarshen 2003, karkanda 5 da suka rage a Sungai Dusun suka mutu cikin ƙasa da mako 3, Minah na cikinsu. Wasu masu bincike sun danganta mutuwar da wani nau'in sammore da ƙudaje masu cizo ke yaɗawa. Aikin ya koma jihar Sabah a tsibirin Borneo, inda aka gwada ɗebo ƙwai domin a haɗa shi da maniyyi a ɗakin gwaji, ba a samu ɗa ba. A 2015 masana suka bayyana cewa dabbar ta ƙare a dazuzzukan Maleshiya. Tam, namiji na ƙarshe, ya mutu a watan Mayu 2019. Iman, wadda ta daɗe tana fama da ƙari a mahaifa, ta bi shi ranar 23 ga Nuwamba na wannan shekara.

Shi kuwa Andalas, an mayar da shi Way Kambas a Sumatra a 2007, inda aka bi tsarin Cincinnati wajen haɗa shi da wata mace mai suna Ratu. A watan Yuni 2012 ta haifi Andatu.