Lissafin kuɗin jiragen ruwa ta kwamfuta a tashoshin Najeriya

Lissafin kuɗin jiragen ruwa ta kwamfuta tsari ne da hukumar tashar jiragen ruwa ke amfani da manhaja wajen ƙididdige abin da kowane jirgi zai biya na shigowa tasha da tsayawa da fita, ta fitar masa da takardar biya, ta kuma tabbatar kuɗin sun shiga asusu, ba tare da ma'aikaci ya yi lissafin da hannu ba. A Najeriya, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, wadda aka fi sani da NPA, ita ke karɓar waɗannan kuɗaɗe a tashoshin Apapa da Tin Can da ke Legas, da na Fatakwal, Onne, Warri da Kalaba. Manhajar da take amfani da ita sunanta RIMS. Kuɗin tasha daban ne da harajin da Hukumar Kwastam ke karɓa a kan kaya.

Abin da jirgi ke biya

Jirgin da ya shigo tasha yana biyan kuɗi kashi-kashi. Akwai na amfani da mashigin ruwa, wanda da shi ake yashe hanya da kula da fitilun da ke nuna ta. Akwai ladan matuƙin jagora, wato ƙwararren da ya san ruwan wurin, wanda ke hawa jirgin ya shigo da shi. Akwai na ƙananan jiragen da ke jan babban jirgi su kai shi matsaya, da kuɗin hayar matsayar kanta, da wanda ake ɗora wa kayan da aka sauke ko aka loda. Jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe da dalar Amurka suke biyan mafi yawan waɗannan.

Ana gina lissafin ne a kan girman jirgi, tsawonsa, nau'in kayansa da tsawon lokacin da ya yi a matsaya. Girman da ake nufi ba nauyi ba ne, ko da yake da tan ake ambatonsa. Awo ne na faɗin cikin jirgin gaba ɗaya, bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1969 wadda ta fara aiki a 1982. Kowane babban jirgi yana da takardar shaidar wannan awo, da kuma lamba mai alƙaluma bakwai daga Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, wadda ba ta sauyawa ko an sayar da jirgin ko an sake masa suna. Wannan lamba ce ke ba manhaja damar gane jirgi a duk lokacin da ya dawo.

Tarihi

An kafa NPA da dokar 1954, ta fara aiki a watan Afrilun 1955. Shekaru da dama ita ke sauke kaya, ita ke adana su, ita ke lissafi a kan takarda. A 2006 gwamnatin tarayya ta miƙa aikin sauke kaya ga kamfanoni masu zaman kansu, hukumar ta koma matsayin mai gida: tana kula da ruwa da shigowar jiragen, tana karɓar haya da kuɗin jirgi. Daga nan sahihancin takardar biya ya zama ginshiƙin kuɗin shigarta.

A tsohon tsari, wakilin kamfanin jirgi kan ɗauki fayil daga ofis zuwa ofis, ya biya a banki, ya kawo rasit, sannan ya jira a tabbatar. Kowane tebur da fayil ya tsaya a kai ƙofa ce ta jinkiri, wani lokaci ta kuskure ko rasit na jabu. Hukumar ta fara da biyan kuɗi ta intanet da kuma sanarwar shigowar jirgi ta intanet, wadda ake kira e-SEN. A watan Satumban 2015 hukumomin tarayya suka koma asusun bai-ɗaya da ke Babban Bankin Najeriya. An ƙaddamar da RIMS a 2016 lokacin shugabancin Habib Abdullahi, sannan a 2017, zamanin Hadiza Bala Usman, aka ƙara mata sashen takardar biya ta wucin gadi da ta ƙarshe, da shafin da abokan hulɗa ke shiga da kansu. A shekarar ce kuma hukumar ta soke yarjejeniyarta da kamfanin Intels kan karɓar kuɗin jagorancin jiragen ruwa, sakamakon saɓani game da zuba kuɗin a asusun bai-ɗaya.

Yadda tsarin ke aiki

Kafin jirgi ya iso, wakilinsa yana shigar da bayanansa da jerin kayan da ya ɗauko. Manhajar tana haɗa su da jadawalin farashin hukumar ta fitar da takardar wucin gadi, wadda ake biya tun jirgin bai samu matsaya ba. Wannan takarda kintace ce, domin babu wanda ya san tabbas kwana nawa jirgin zai yi.

Bayan ya tashi sai a yi daidaito. Ana kwatanta abin da aka kintata da abin da ya faru: sa'ar da aka ɗaure jirgin, sa'ar da aka kwance shi, jiragen ja nawa suka yi masa aiki, tan nawa aka sauke. Idan ya biya fiye da kima a rubuta masa rara, idan ya gaza a bi shi ciko. A nan ne tsarin takarda ya fi rauni, domin daidaiton da aka bari ya kwana biyu yakan zama bashin da ake jayayya a kai bayan jirgin ya daɗe da barin ƙasa.

Iyakar manhaja

Manhaja ba ta kuskuren tarawa, kuma tana barin sawun wanda ya taɓa kowace takarda. Amma abin da aka ba ta shi take lissafawa. Idan ma'aikaci ya rage sa'o'in da jirgi ya yi a matsaya, ko wakili ya rage nauyin kaya a takarda, lissafin zai fito tsaf, alhali ƙarya ne tun daga tushe. Shi ya sa tashoshin da suka yi nisa suke ɗauko lokacin shigowa da fita kai tsaye daga na'urar AIS da jiragen ke sanar da inda suke da ita, suna kuma kwatanta jerin kaya da na kwastam.

Matsala ta biyu ita ce yawan hukumomi. NPA na da manhajarta, kwastam na da tata, hukumar NIMASA kuma tana karɓar kashi 3 cikin 100 na kuɗin dakon kayan ƙasa da ƙasa. Wakili ɗaya kan shigar da bayani ɗaya sau da yawa. Tun daga 1 ga Janairun 2024 IMO ta wajabta wa ƙasashe samar da kafa guda ta intanet da jirgi zai miƙa bayanansa sau ɗaya, kuma a watan Afrilun shekarar gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar da shirin kafar kasuwanci ta bai-ɗaya.

Sauya hanyar lissafi kuma ba ya nufin rage farashi. A 2025 hukumar ta ƙara kashi 15 cikin 100 a kan kuɗaɗenta, tana mai cewa rabonta da ƙari tun 1993.

Alaƙa da Arewacin Najeriya

Kano na da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku, amma kuɗin tasha na isa kasuwanninta. Kamfanin jirgi yana zuba abin da ya biya, har da asarar kwanakin jira, cikin kuɗin dakon kwantena. Mai shigo da yadi zuwa Kantin Kwari ya ɗora a kan farashi, mai fitar da riɗi ko zoɓo kuma ya cire daga abin da zai ba manomi. Jihar Jigawa na cikin manyan masu noman waɗannan biyun, don haka manomi a Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura, wanda buhunsa ke bi ta kasuwa zuwa Kano sannan Legas, yana da kaso a cikin lissafin da bai taɓa gani ba.

Tashoshin tsandauri na Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, da ta Dala a Zawaciki ta Kano, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023, an gina su ne domin a kammala takardun kaya a Arewa. Kuɗin jirgi dai a bakin teku ake lissafa shi, kuma amfanin waɗannan tashoshi ya dogara da yadda bayanansu ke haɗuwa da na Legas. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 kuma zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina, an tsara shi ne domin jawo kayan Jamhuriyar Nijar zuwa tashoshin Najeriya, waɗanda ke gogayya da na Kwatano da Lome a kan wannan ciniki.