Tarihin Kamfanin Twitter a Kasuwar Hannun Jari: Tsakanin Shuhura da Riba

Tun daga lokacin da aka soma al'adar rarraba dukiyar kamfani kashi-kashi a sayar wa jama'a, wadda masana tarihi ke danganta asalinta da birnin Amsterdam a shekarar 1602, sa'ad da attajiran Holan suka haɗa jari don fataucin kayan yaji daga ƙasashen Gabas, akwai wata mas'ala da ba ta gushe tana damun masu hankali ba, watau ko farashin da ake kira wa hannun jari a kasuwa shaida ne a kan abin da kamfani ya mallaka da abin da ya ci, ko kuwa shaida ne kawai a kan abin da zukatan masu saye ke tsammani. A zamaninmu da wuya a sami ƙissar da ta bayyana wannan mas'ala kamar ta kamfanin Twitter, wanda ya yi shekara tara a kasuwar hannun jari ta New York, sarakuna da shugabanni suna magana ta bakinsa, alhali kuwa littafin lissafinsa a galibin waɗannan shekaru hasara yake nunawa.

Asalin al'amarin a birnin San Francisco ne, a shekarar 2006, cikin wani ƙaramin kamfani mai suna Odeo, wanda kasuwarsa ta riga ta soma gurguncewa. A nan ne Jack Dorsey da Evan Williams da Biz Stone da Noah Glass suka ƙago wata hanya da mutum zai aika gajeren saƙo ga duk wanda ke son jin labarinsa, aka aika na farko ranar 21 ga Maris. Dalilin da ya sa aka iyakance saƙon ga haruffa 140 kuwa shi ne, saƙon wayar hannu na wancan zamani ba ya wuce haruffa 160, sai suka bar 20 don sunan mai aikawa. Wannan ƙunci ya zame musu alheri, domin taƙaitacciyar magana ta fi saurin yaɗuwa, har ya zamana 'yan jarida da 'yan siyasa sun mai da wurin majalisarsu, kuma a shekarar 2011, lokacin da jama'a suka yi bore a Tunisiya da Masar, sunan Twitter ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Amma fa duk wannan shuhura kyauta ake ba da ita. Mai rubutu ba ya biyan ko anini, mai karatu ma haka, ga kuwa injuna da ma'aikata suna cin kuɗi dare da rana, saboda haka sai kamfanin ya rayu da dukiyar masu zuba jari, waɗanda suka haƙura da riba a yau bisa ga zaton za su same ta ninki-ba-ninki gobe. A shekarar 2008 Facebook ya taya shi dala miliyan 500, aka yi masa albarka. Ba a soma sayar da gurbin talla ba sai a watan Afrilu na 2010, sa'an nan a ƙarshen 2011 Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya zuba dala miliyan 300. Tun daga wannan lokaci asasin sana'ar ya tabbata: a tara hankalin jama'a wuri guda, kana a sayar wa masu talla da wannan hankali.

Ranar 7 ga Nuwamba, 2013, aka kai kamfanin kasuwa. An yanke wa kowane hannun jari dala 26, aka sayar da miliyan 70, aka tara kimanin dala biliyan 1.8, amma kafin a tashi kasuwa a ranar farashin ya kai dala 44.90, ƙimar kamfanin duka ta haura dala biliyan 24, kuma kafin shekarar ta fita hannun jarin ya zarce dala 70. Abin lura shi ne, a wannan shekara ɗin kuɗin da ya shigo wa kamfanin dala miliyan 665 ne, hasararsa kuwa dala miliyan 645, kuma tun da aka kafa shi bai taɓa cin riba ba, ba a kuma ɓoye wa kowa wannan ba, domin doka ta wajabta a bayyana shi a takardun da aka gabatar wa hukuma. Misalin masu sayen kamar mutumin da ya je kara ne ya biya wa karsana kuɗin saniya mai shayarwa, yana lissafin madarar da ba a tatsa ba da maruƙan da ba a haifa ba. Idan ta hayayyafa a ce ya yi hangen nesa, idan kuwa ta zama juya sai ya nemi wanda zai sayar wa. Dalili biyu ne suka ƙarfafa musu guiwa. Na farko, sun ga Facebook, wanda ya shiga kasuwa a watan Mayu na 2012 a kan dala 38, ya faɗi ƙasa da rabin haka, daga baya ya miƙe da ƙarfin tallan wayar hannu, sai suka yi kiyasin Twitter ma tafarkinsa ke nan. Na biyu, tun bayan rikicin tattalin arziki na 2008 babban bankin Amurka ya sauke kuɗin ruwa kusan ƙasa, har masu dukiya suka rasa inda za su ajiye ta ta haihu, suka dinga bin duk kamfanin da ya yi alkawarin bunƙasa.

Kiyasin nan kuwa akwai bambanci a cikinsa wanda ba a kula da shi ba, domin Facebook ya zo kasuwa ne da ribar dala biliyan 1 ta shekarar 2011 a hannunsa, kuma ya san sunan mai amfani da shi da shekarunsa da danginsa da abin da yake sha'awa, wanda shi ne abin da mai talla ke biya dominsa, alhali a Twitter mutane da yawa da laƙabi suke shiga, su yi musu da jayayya su fita, mai talla kuwa ba ya son a ajiye hajarsa kusa da zage-zage. Daɗin daɗawa, yawan masu shiga a wata ya cije a wajen miliyan 300 da 'yan kai tun daga 2015, shi kuwa Facebook ya kai biliyan 2 a 2017. Daga 2013 zuwa 2017 jimillar hasarar Twitter ta haura dala biliyan 2. Dick Costolo ya sauka daga shugabanci a 2015, Dorsey ya komo, farashi ya gangara zuwa wajen dala 14 a 2016; aka nemi mai sayen kamfanin ɗungurungum, Disney da Salesforce suka leƙa suka janye, aka sallami ma'aikata, aka kuma rufe manhajar bidiyo ta Vine.

Riba ta farko ba ta zo ba sai a rubu'in ƙarshe na 2017, dala miliyan 91, bayan shekara goma sha ɗaya da kafuwa, kuma tsuke bakin aljihu ne ya fi kawo ta. Shekarar 2018 aka rubuta ribar dala biliyan 1.2, 2019 kuma kusan biliyan 1.5, sai dai kaso mai yawa na waɗannan ba kuɗi ne da suka shigo hannu ba, rangwamen haraji ne wanda akantoci suka shigar a matsayin kadara. Da annoba ta zo a 2020 aka warware wani sashe na wannan lissafi, sai ga hasarar fiye da dala biliyan 1.1. A 2021 kuma aka biya dala miliyan 809.5 don sulhu da masu hannun jari da suka yi ƙarar cewa an ruɗe su game da yawan masu amfani da dandalin, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Malaman fiƙihu, a babin ƙiradi, watau ba wa mutum jari ya juya a raba riba, sun kafa ƙa'ida cewa ba a ambaton riba sai uwar kuɗi ta komo cikakkiya, kuma lalle wanda ya auna tarihin Twitter da wannan mizani zai iske shekara biyu na riba ba su cike ramin sauran shekarun ba.

Mu ma a nan Nijeriya mun ga irin nauyin da dandalin ke da shi a siyasa, domin a kansa aka yi gangamin neman a ceto 'yan matan Chibok a 2014, da zanga-zangar neman rushe rundunar SARS a 2020, kuma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da shi daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022, bayan ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Amma a littafin kamfanin na shekarar 2021, Amurka kaɗai ke kawo fiye da rabin kuɗin shiga, ko da yake mutanenta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na masu shiga kullum ba, Japan na biye da ita, saboda darajar mai karatu a wurin mai talla gwargwadon abin da zai iya saye ne. Muryar da za ta girgiza fada tana iya zama ba ta da nauyi ko kaɗan a ma'aunin 'yan kasuwa.

Ƙarshen zaman kasuwa ya zo ne a 2022. A watan Afrilu Elon Musk ya bayyana cewa ya mallaki kashi 9 da ɗoriya cikin 100 na kamfanin, sa'an nan ya taya shi duka a kan dala 54.20 kowane hannun jari, jimilla dala biliyan 44, hukumar gudanarwa ta sallama. Ba a jima ba babban bankin Amurka ya matsa wajen ɗaga kuɗin ruwa, farashin kamfanonin fasaha ya zube, Musk kuma a watan Yuli ya nemi warware cinikin da hujjar cewa asusun bogi sun fi yadda aka faɗa masa. Twitter ya kai shi ƙara kotun jihar Delaware, da ya ga ranar shari'a ta gabato sai ya cika alkawari ranar 27 ga Oktoba. An ɗora wa kamfanin bashin wajen dala biliyan 13 daga cikin kuɗin sayensa, wanda ruwansa kaɗai ya kai dala biliyan 1 a shekara, aka sallami kusan rabin ma'aikata 7,500 cikin mako guda, masu talla da yawa suka ƙaurace, aka sauya masa suna zuwa X a watan Yuli na 2023. Kamfanin Fidelity, wanda ke cikin masu jari, ya rage ƙimar rabonsa da fiye da kashi 70 cikin 100, kana a watan Maris na 2025 kamfanin xAI, wanda shi ma na Musk ne, ya haɗiye X a kan ƙimar dala biliyan 33, cinikin da mai saye da mai sayarwa duk ƙarƙashin ikon mutum ɗaya suke.

To, sai mu yi wa masu hannun jari hisabi, tun da su ne ainihin masu dukiyar. A duk shekara tara ɗin nan Twitter bai taɓa raba musu riba ba ko sau ɗaya. Wanda ya saya ranar farko a kan dala 44.90 ya riƙe har ƙarshe, abin da ya ƙaru masa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar da kaɗan ba. Wanda ya saya a kan dala 73 a ƙarshen 2013 ya yi hasarar rubu'in dukiyarsa. Wanda kuwa ya saya a kan dala 14 a 2016 ya kusa ninka kuɗinsa sau huɗu. Kamfanin ɗaya ne, littafinsa ɗaya, amma rabon kowa ya rataya ne a kan ranar da ya shiga da kuma aljihun wanda ya saya daga hannunsa. Saboda haka wajibi ne ga duk wanda zai sa halaliyarsa a irin wannan sana'a, ga shi kuwa yanzu matasanmu na sayen hannun jarin ƙasashen waje ta wayar hannu, kafin ya tambayi nawa ake kira, ya fara tambayar me kamfanin ke sayarwa, wa ke biya, nawa kuma ya rage bayan an fitar da ɗawainiya da bashi, domin wannan saura shi ne haƙƙinsa a cikin sana'ar, abin da ya hau kansa kuwa zato ne, zato kuma ba ya zama hujja a wajen ciniki.