Katin Zaɓe da Kan Sarki: Yadda Rediyo Ya Yi Dangi a Gobir

Yaran da suka shigo aikin rediyo bayan zuwan wayar salula a 2001 suna ɗauka sai da taron jama'a ake kafa tasha. Mu da muka yi zamanin wasiƙa mun san ba haka aka faro ba. Ranar 13 ga Maris 1957, da Aminu Abdullahi Malumfashi ya gabatar da shirin farko na Sashen Hausa na BBC, minti 15 ne kacal, kuma a ƙauyuka da wuya ka ga akwatin rediyo in ba gidan hakimi ko na attajiri ba. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, na Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Dukkansu 'yan tsirarun masu naci ne suka goya su.

A gari irin Gatawa, ko Sabon Birni, ko Isa, masu nacin nan sanannu ne: tela, mai shayi, malamin firamare, mai gyaran rediyo. Mutum zai sayi katin zaɓe, ya cika shi da sunayen abokai har gefe, ya manna kan sarki, ya damƙa wa direban motar kasuwa ya kai gidan waya. Sai jira. Ranar da aka ambaci garinsu a Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, mai shayi zai ƙure murya, masu wucewa su ja birki. Wanda duk aka gaisar kuwa ya ci bashi, dole ya rama. Ta haka kati ɗaya ke haifar da wasu, ba tare da tashar ta kashe ko sisi a talla ba.

Daga nan ƙungiyoyin masu sauraro suka tsiro, da shugaba da sakatare da ma'aji da kuɗin wata. Mutanen da suka san juna ta suna kawai suka fara zuwa wa juna biki da suna da ta'aziyya, har ƙetaren iyaka zuwa Maraɗi, tun da gajeren zango bai san shingen kwastan ba.

A cikin tasha kuma akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba, amma kowa ya koya daga na gaba da shi. Kada ka ɓata sunan mutum. Kada ka yar masa da laƙabi, don da shi aka san shi. Kada ka tsallake katin ƙauye saboda na birni sun yi yawa. Mai tace wasiƙu yakan gane rubutun masu naci tun kafin ya farke ambulan, in ya ji ɗaya shiru sai a yi cigiyarsa a iska. Tashoshin waje su ma sun gane wannan: ga shiri irin Amsoshin Takardunku, ga kalandar da ake aiko wa mai wasiƙa, ya rataye a shago yana tinƙaho.

Da waya ta zo, da tashoshin FM masu zaman kansu irin Freedom ta Kano a 2003, masu kira sun ninka, amma sanayyar ta ragu. Wanda ya bugo yau, gobe yana wata tasha.

An ga bambancin a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, saboda 'yan bindiga. Tsofaffin masu sauraron nan ne suka san mitar kowace tasha da lokacin labaranta, kuma wurinsu aka koma jin halin da ƙasa ke ciki. Da Muryar Amurka ta yi shiru a Maris 2025, su ne suka riƙa jajanta wa juna kamar an yi rashi.

Shi ya sa duk matashin da ya tambaye ni yadda zai tara mabiya, nakan ce ya fara sanin sunayen goman farko da garuruwansu, ya kuma amsa musu duk ran da suka yi magana. Sauran jama'ar su ne za su kawo masa.