Azumin Karem a makarantun Katolika: lokacinsa da dokokinsa

Karem shi ne azumin da mabiya ɗariƙar Katolika suke yi kafin bikin Ista, wanda ake kira Pâques da Faransanci. Kwana 40 ne, don tunawa da kwanakin da Linjila ta ce Yesu Almasihu ya yi yana azumi a jeji. Ana farawa ranar Laraba, wadda ake kira Larabar Toka. Daga ita zuwa Ista kwana 46 ne, amma ba a lissafa ranakun Lahadi shida da ke tsakani, domin a wurin Kirista Lahadi ranar murna ce, ba ta azumi ba.

Lokacin yana sauyawa kowace shekara. Ista tana faɗuwa ne ranar Lahadin farko bayan cikar wata ta ranar 21 ga Maris ko bayanta, don haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A Nijar wannan yana nufin ƙarshen azumin yakan zo cikin zafin bazara, ɗalibai na tsakiyar shekarar karatu.

Abin da dokar coci ta ce

Mutane da yawa a Maraɗi ko Damagaram suna ɗauka cewa Kirista ma daga asuba har faɗuwar rana suke kame baki. Dokar ba haka take ba. Tun gyaran da Fafaroma Paul na 6 ya yi a 1966, wanda ya shiga kundin dokokin coci na 1983, azumin dole kwana biyu ne kawai: Larabar Toka da Juma'ar da ake tunawa da gicciye Almasihu. A waɗannan ranaku mutum yana cin cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa safe da maraice, kuma shan ruwa ba ya karya azumin. Ya wajaba a kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Sai kuma barin cin nama kowace Juma'a ta Karem, wanda yake farawa daga shekara 14. Kifi ya halatta. An ɗauke wa marar lafiya.

Ke nan yaron firamare babu abin da ya wajaba a kansa, ɗalibin kwaleji nama kawai zai bari, sai manyan ƴan lise da malamai ne azumin ya hau kansu. Akwai dai Kiristocin da suke ƙara wa kansu, su wuni ba ci har maraice, amma wannan ganin dama ne.

Yadda yake gudana a makaranta

Ranar Larabar Toka ɗalibai Kirista suna zuwa majami'a, limami ya shafa musu toka a goshi da siffar gicciye. Tokar ta ganyen dabino ce ko makamancinsa, wanda aka yi wa albarka a Lahadin Dabino ta bara, aka ƙone. Ma'anarta tuba, da tuna cewa ɗan Adam daga ƙasa ya fito, can kuma zai koma. Yaron da aka gani da baƙin tabo a goshi a wannan rana ba dauɗa ba ce. Limami yana sa tufafi masu launin shunayya, ana kuma daina rera Halleluya har daren Ista. Kowace Juma'a akwai addu'ar Hanyar Gicciye, mai matsayi 14.

Da yake yawancin yara ba su kai shekarun azumi ba, malaman addini sun fi ba da ƙarfi ga addu'a da sadaka. Akan ce wa yaro ya zaɓi abu guda da yake so ya bari, alawa ko wasan salula, ya jefa dala biyar ko goma ta kuɗin tara a asusu, a ƙarshe a kai wa marayu, marasa lafiya ko ƴan kaso. Wannan ɓangaren ne ya fi zama a zuciyar yaro, don kuɗin nasa ne ya hana wa kansa.

Ɗalibai Musulmi fa?

Kirista kaɗan ne ƙwarai a Nijar. Cocin Katolika tana da yankuna biyu: na Yamai, da na Maraɗi da aka kafa a 2001, wanda ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Makarantunta, kamar kwalejin Mariama ta Yamai, suna bin tsarin karatun gwamnati, kuma mafi yawan ɗalibansu Musulmi ne. Shi ya sa iyaye sukan tambaya ko za a sa ƴaƴansu cikin wannan ibada. Dokar cocin kanta ta hana a tilasta wa kowa karɓar addinin, kuma azumi da barin nama a kan ƴan Katolika kaɗai suke. Uban da yake da shakka yana da haƙƙin ya je wurin darakta ya ga jadawalin makon.

A ƴan shekarun nan azumin biyu suna haɗuwa. A 2024 Larabar Toka ta zo 14 ga Fabrairu, Ramadan ya kama cikin Maris. A 2025 an shafa toka 5 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan fara Ramadan, a 2026 kuwa ranar ita ce 18 ga Fabrairu, daidai da farkon watan. Da yake watan Musulunci yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, nan da ƴan shekaru za su rabu, sai bayan kusan shekara 30 su sake gamuwa.

Karem yana ƙarewa da maraicen Alhamis ta Mako Mai Tsarki, sai ibadun kwana uku da suke kai wa ga Lahadin Ista. Litinin da ke biye ranar hutu ce a duk faɗin Nijar.