TARIHIN KATIN AWO: DAGA ƊAKIN JEGO ZUWA SIKELIN ASIBITI

Da wuya ka shiga gidan da ake goyo a Hashimi ka rasa wata takarda mai kauri da aka naɗe a leda, ko a ƙarƙashin katifa, ko cikin kwalla tare da takardun gida. Katin awo ke nan. Da yawanmu mun ɗauka daga Turai aka kawo mana shi kamar yadda aka kawo sauran kayan asibiti. Ba haka ba ne. A Nijeriya aka ƙago shi, kuma dalilin da ya sa aka ƙago shi ya fi abin da muke yi da shi yau yawa.

Kafin kati, jariri ba a sake yake ba. Kakanninmu da suka baro Zazzau tare da Sarki Muhammadu Makau a zamanin jihadi, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wato Sulejarmu ta yau, sun taho da tsarin renonsu cikakke. Ungozoma ta karɓi haihuwa ta yanke cibi. Maijego ta shiga wankan ruwan zafi safe da yamma, tana shan kunun kanwa, har ta yi arba'in. Ran suna wanzami ya yi aski, a wasu gidaje ya cire beli. A ba yaro dauri, a goya shi a baya, ya sha nono shekara biyu ko kusa da haka kafin a kai shi yaye gidan kaka. Wanda ke son ganin yadda abin yake a ƙasar Zazzau ya nemi littafin Baba ta Karo, labarin wata dattijuwa da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954.

Gaskiya tsarin nan yana da abin yabo. Kwana arba'in mace na hutawa, dangi na yi mata hidima, jariri na manne da uwarsa dare da rana. Asibitin zamani bai zo da abin da ya fi wannan ba. Amma yana da ramuka. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da ke cike da garkuwar jiki, shi ne ake matsewa a zubar wai ba shi da kyau, a ɗora jariri kan ruwa ko madarar dabba har nono ya "wanku". Abin da ake shafa wa cibi da askar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita kan jawo ciwon da ke sandarar da jariri cikin makonsa na farko ko na biyu, a ce iska ce. Ita kanta uwar ba ta tsira ba: likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Davidson da Parry, sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a yankin yana da alaƙa da tsananin zafin jego da kanwar da ake sha.

Babban ramin kuwa shi ne ido. Uwar da ke kallon ɗanta kullum ita ce ta ƙarshen gane ya daina ƙaruwa. Sai ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, sannan a ce ya sha ciki ko maye ya kama shi. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan cuta a Gana a shekarun 1930, ta kira ta da sunan da mutanen Ga na Ankara ke kiran ta, kwashoko, ciwon yaron da aka ture saboda ƙani ya zo. Ma'anar ta yi daidai da abin da tsofaffinmu ke faɗa game da kwanika.

A 1956 wani likita Bature, David Morley, ya zo aiki asibitin mishan na Wesley Guild a Ilesha. Ya lura yaran da ake kawo masa sun riga sun galabaita, kuma cututtukan da ke kashe su ƙalilan ne: ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tarin shiƙa da tamowa. Sai ya koma ƙauyen Imesi-Ile, a jihar Osun ta yanzu, tare da wata nas mai suna Margaret Woodland, suka riƙa bin ɗaruruwan yara tun daga haihuwa, ana auna su wata-wata. A nan suka gano abin da ya zama tushen awo: yaro yakan tsaya da ƙara nauyi makonni, wani lokaci watanni, kafin kowa ya ga alamar ciwo a jikinsa. Daga nan aka buɗe asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda ake kai yaro ko lafiyarsa lau, aka kuma zana kati mai layuka da ake ɗiga nauyinsa a kai kowane wata.

Abubuwa biyu ne suka sa katin ya yi fice. Na farko, ba adadin kilo ake dubawa ba, inda layin ya nufa ake kallo. Ƙaramin yaro da layinsa ke hawa yana lafiya. Ƙato da layinsa ya kwanta wata biyu a jere akwai magana. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya karanta wannan. Na biyu, katin a hannun uwa yake zama, ba a kabad ɗin asibiti ba. Wasu ma'aikata sun yi ta ƙorafi cewa matan ƙauye za su ɓatar, sai ga shi sun fi ofis iya adanawa. A 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata katin a kan wannan tsari, ya bazu ƙasashe da dama.

A namu ɓangaren, allura ta riga kati shiga gidaje. Dattawan da ke da tabon lamba a dantse za su tuna gangamin yaƙi da agana da ƙyanda na ƙarshen shekarun 1960. A 1970 aka ga agana ta ƙarshe a Nijeriya. Shekarun da suka biyo baya su ne suka canza garinmu baki ɗaya. A 1976 aka ƙirƙiro jihar Neja, aka kuma yanki ƙasa don sabon babban birnin tarayya, sunan Abuja ya koma can, garin ya zama Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika unguwanni, aka samu matan aure da yawa da ke haihuwa nesa da uwa da kaka. A irin wannan gida, malamar asibiti ce ta maye gurbin tsohuwar da ke cewa yi kaza, bar kaza.

Awo ya zama ruwan dare ne a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Shi ya dage cewa lafiya a matakin farko aikin ƙananan hukumomi ne, kusa da gida: rigakafi, awo, shayar da nono, da ruwan gishiri da sukari don gudawa. Bayan tafiyarsa abin ya yi sanyi. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna kashi 13 cikin 100 kacal na yara ne suka kammala rigakafinsu. A shekarar ce kuma aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargi, zargin da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yaran Kano a 1996 ya ba shi gindin zama. Sai da sarakuna da malamai suka shigo ciki kafin amana ta dawo, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agusta, 2020.

To amma wannan dogon yaƙi ya bar mana wani gado da ba a cika magana a kai ba. Ya sa mutane sun ɗauka awo allura ce kawai. Ku duba jadawalin: ranar haihuwa a yi ta tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon baki, sai mako 6, mako 10, mako 14. Daga nan babu wata babbar allura sai wata 9, lokacin ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, in ban da ɗigon bitamin A a wata 6. Tsakanin nan wata biyar ne da ɗoriya, kuma a cikinsu ne uwa da yawa ke daina zuwa. Alhali nan ne wurin da Morley ya fi jin tsoro. A wata 6 nono shi kaɗai ya fara kasa wa yaro, a fara ba shi kunu. In kunun tsararo ne, gero da ruwa da sukari, cikinsa zai cika jikinsa bai samu komai ba. A lokacin ne yake rarrafe yana kai komai baki, gudawa ta zo, a ce haƙori ne a zauna. Buɗe katunan gidanku ku gani: a yawancinsu gefen allura cike yake da kwanan wata, gefen layin nauyi kuwa fari fat, ko ɗigo biyu uku a farko shi ke nan. Laifin ba na iyaye kaɗai ba ne. Ma'aikaciya ɗaya da layin mata hamsin takan karanta sikeli ta rubuta lamba, ba ta da sukunin ɗigawa balle bayani.

Abin da layin ke nunawa ba boyayye ba ne. Jariri yakan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, ya mayar cikin mako biyu, ya ninka nauyin haihuwarsa wajen wata 5, ya kai kusan ninki uku a shekara. Ma'aunin da ake amfani da shi yanzu na 2006 ne, an samo shi daga yaran da suka sha nono a ƙasashe shida, har da Gana, don haka zancen cewa awon 'ya'yan Turawa ne ake gwada namu da shi ya wuce. Wannan binciken ya nuna lafiyayyen yaro na iya zama da kansa tun daga wata 4 har zuwa 9, ya taka ƙafa tsakanin wata 8 da 18. Kishiya ko maƙwabciya ta ce nata ya riga naki tafiya, ba abin tayar da hankali ba ne. Layin da ya kwanta shi ne abin tashi tsaye.

Shawarar nono zalla har wata 6, ba ruwa ba dauri, ta zama matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya a 2001, kuma har yau ita ce ke haɗa surukai faɗa a lokacin zafi. Bayan wata 6 kuwa, abin da ake buƙata duk yana kasuwar Suleja: kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko waken suya, ɗan manja, ƙwai, garin busasshen kifi, ganyen zogale, a ci gaba da nono. Kuɗin cefanen nan daga aljihun maigida yake fita, shi ya sa ya kamata shi ma ya san gefen katin da ake ɗiga nauyi. Ranar awo kuma, in an sauke yaro daga sikeli, uwa tana da damar ta ce wa malama ta ɗiga mata a kan layi, ta nuna mata inda na watan jiya yake.